Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ciyamomi 23 da kansiloli 255 na jihar Kaduna: dan Allah ku manna mana lissafi a bango

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe masu girma ciyamomi da kansiloli, ya aiki ya jama'a ya kuma haƙuri da mu.

Ni tela ne a cikin garin Kaduna, na fi shekara ashirin ina taka keke, ba ni da katin kowace jam'iyya a aljihu kuma ban taɓa neman kwangila wajen kowa ba ko da ta ɗinkin labulen ofis ce, na faɗi wannan ne tun da wuri saboda na san halin mutanenmu, da ka buɗe baki sai a ce wane ne ya turo ka. Ba wanda ya turo ni. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Abin da ya ba ni ƙarfin halin yi muku magana shi ne ni ma ina riƙe da kuɗin jama'a, duk da dai nawa idan aka ajiye kusa da naku abin dariya ne. Ni ne ma'ajin 'yar ƙungiyarmu ta teloli, mu sittin da 'yan kai, kowa na zuba ɗari biyar duk sati domin in wani ya kwanta asibiti ko kekensa ya lalace ko an yi masa rasuwa a samu abin tallafa masa. To wallahi wannan ɗan kuɗin ban isa in ciri ko naira ɗaya ni kaɗai ba, sai shugaba ya sa hannu sakatare ya sa hannu sannan ni, kuma duk Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar sai an shimfiɗa tabarmi a ƙofar shago na miƙe tsaye da littafi na karanto abin da ya shigo da abin da ya fita ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani dattijo a cikinmu bai yi boko ba, bai iya karanta abin da na rubuta ba, amma lissafi a kansa yake kamar kwamfuta, shi ne kullum zai ɗaga hannu ya ce malam ma'aji ina rasit. Akwai ranar da naira dubu ɗaya da ɗari takwas ta ƙi fitowa a lissafi, mutanen nan suka ƙi tashi, aka yi magariba aka dawo aka sake zama, gumi har cikin singileti, sai can na tuna kuɗin Keke Napep ne da muka biya ranar da muka je duba wani ɗanmu a asibiti na manta ban rubuta ba. Ba wanda ya ce ni ɓarawo ne amma kunyar da na ji ranar har yau ban manta ba, tun daga nan ko zare na saya wa ƙungiya sai na karɓi takarda. Muna da mutum biyu masu duba littafi waɗanda ba sa cikin shugabanni kuma ba shugaba ke naɗa su ba, mu ke zaɓensu da ɗaga hannu. Kuma doka ce in za a sayi wani abu a shagon ƙanin shugaba ko surukinsa to sai ya faɗa da bakinsa ya tashi ya ba da wuri a yanke magana ba ya nan.

Wani ɗana da ya karanci harkar kasuwanci a jami'a ya ce min Baba ai wannan da kuke yi shi ne tsarin da ake tafiyar da manyan kamfanoni, masu hannun jari su ne masu dukiya, su zaɓi daraktoci su sa ido, manaja ya yi aiki, odita daga waje ya zo ya duba littafi, ƙarshen shekara a tara kowa a karanta. Na ce to ashe mu ma 'yan boko ne ba mu sani ba. Sai na zauna ina tunani, ai ƙaramar hukuma ma haka aka tsara ta a takarda, mu talakawa mu ne masu dukiyar, ciyaman shi ne manaja, kansiloli su ne idonmu a kansa, ga odita janar na ƙananan hukumomi a jiha. Komai akwai. Abin da babu shi ne ranar da za a shimfiɗa tabarma a karanta mana.

Bara na je sakateriyar ƙaramar hukumarmu ta asali, ba zan faɗi sunanta ba dan ba tozarta wani na zo yi ba, neman takardar shaidar 'yar ƙasa wa yarinyata da ta samu makaranta. Sau uku ina rufe shago ina shiga mota. Zuwan farko aka ce mai sa hannu bai shigo ba, na biyu aka ce fom ya ƙare, na uku wani yaro ya ja ni gefe ya ce Alhaji kawo dubu uku da ɗari biyar yanzu a gama maka, na bayar, cikin minti ashirin takarda ta fito da hatimi da komai, na ce ina rasit sai ya yi dariya kamar na yi wani abin almara. A duk zaman jiran da na yi ina kan benci ne daura da allon sanarwa, na karance shi tas saboda rashin abin yi, akwai fostar zaɓe da rana ta cinye, akwai sanarwar rigakafin shan inna ta shekarun baya, akwai ta'aziyyar wani ma'aikaci Allah ya jiƙansa, amma babu ko layi ɗaya da ya ce wata kaza kuɗi kaza suka shigo, babu ma takardar da ta ce kuɗin shaidar 'yar ƙasa naira kaza ne a biya a wuri kaza. To wannan dubu uku da ɗari biyar ɗin tawa ina ta tafi, asusun hukuma ko aljihun yaron ko raba ta aka yi, har gobe ina tambayar kaina.

Abin haushin ma, mahaifina Allah ya jiƙansa ya rasu ya bar wani gwangwani cike da takardun haraji na zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, sun yi ja sun tsufa amma kowace da shekararta da adadin kuɗin. En'en nan da ake ba mu labarin zaluncinta, da 'yan doka da bulala da shanya mutum a rana in bai biya ba, duk da haka tana ba da rasit kuma kuɗin baitulmali yake shiga. An yi gyaran 1976 aka kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa dan a kawo gwamnati kusa da talaka, marigayi Balarabe Musa ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali a jihar nan mutane suka yi ta murna, yau ga mu shekara kusan hamsin da wancan gyara talaka na biyan kuɗi a ofishin hukumarsa ba takarda.

Na san abin da za ku ce, kuma ban ce ƙarya kuke ba. Za ku ce malam tela ba ka san dawan garin ba, kuɗin ai ba hannunmu suke zuwa ba. Gaskiya ne shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma kowa ya san a faɗin ƙasar nan yadda gwamnoni suka riƙa juya wannan asusu, ciyaman ya sa hannu kan ya karɓi abu kaza alhali abin da ya iso masa bai kai ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36 ƙara, ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Mun ji yadda aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Na kuma san kafin ku ga komai an cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarautu. Duk na yarda. To amma ranku ya daɗe ai wannan shi ne ma babban dalilin da ya kamata ku riga kowa son a manna lissafin. In miliyan ɗari aka turo aka cire tamanin da biyar kafin ta iso teburinka, rubuta haka, ka ce ga abin da aka turo ga abin da aka cire ga wanda ya cire ga abin da ya rage ga inda na sa shi, shikenan ka fita daga bakin mutane. Shirun da kuke yi ne ya sa duk wanda ya ga ciyaman ya canza mota sai ya ce kuɗin bohol ɗinmu ne, wataƙila ma bashi ya ci ya saya.

Kuma fa abin da ya taso daga Abuja ba ɓoyayye ba ne. Kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, duk wata ana zaman rabon arziƙin ƙasa kuma ana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma da sunanta, yaran nan masu waya suna buɗewa su gani, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru sosai duk da dai ita ma nairar ta zube. Kenan mun san abin da aka ɗora wa motar a tasha, abin da aka sauke a gida ne ba mu sani ba.

Yanzu bari in juyo kanku kansiloli dan gaskiya ku kuka fi ba ni takaici, ku ne namu, tare muke sallah tare muke zaman makoki, na san gidan kansilanmu na san mahaifiyarsa. Aikinku na farko ba rabon shinkafa da azumi ba ne, aikinku ku zauna a majalisa ku duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo, ku ce wannan mun yarda wannan ba mu yarda ba, ku kira ma'aji da shugaban sashen ayyuka su zo su yi bayani, ku je da ƙafarku ku ga aikin da aka ce an yi. Amma me muke gani, kansila tun da sassafe yana cikin 'yan layi a ƙofar gidan ciyaman yana jiran a yaga masa kwangilar kwalbati ɗaya ya sayar, to wanda ka ci a hannunsa jiya da wane baki za ka tambaye shi rasit yau? A ƙungiyarmu in mai duba littafi ya ranci kuɗi a hannuna ranar ya sauka, ba dan ya yi laifi ba, dan idonsa ba zai ƙara iya kallona ba. Sau nawa majalisarku ta zauna a wannan shekarar, ina littafin da aka rubuta abin da aka tattauna, akwai ranar da kuka taɓa mayar da kasafi kuka ce a gyara? In akwai ku faɗa mana wallahi mu yaba muku.

Abin ya ƙara nauyi a kanku ne saboda yadda zaɓe ya kasance. Jihar nan ita ta fara zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a duk Najeriya a 2018, aka sake a 2021, kuma a lokutan nan biyu 'yan adawa sun ci wasu kujeru. A zaɓen Oktoban 2024 kuwa jam'iyya ɗaya ce aka bayyana ta lashe ciyamomi 23 da kansiloli 255 gaba ɗaya. Ni ban zo jayayya da sakamako ba, wannan na 'yan siyasa da kotu ne, abin da nake cewa kawai tunda babu ɗan adawa ko ɗaya a zauren da zai tashi ya yi muku tsiya, to ku ne za ku zama masu tambayar junanku, in ba haka ba majalisar ta zama zaman 'yan amin.

Maganar kwangila kuwa, a bakin layinmu an yi wata kwalbati, an kafa allo mai kyau da hoton manya da rubutu baƙaƙe manya cewa aikin alheri ne, amma allon bai faɗi nawa aka kashe ba, bai faɗi sunan kamfanin ba, bai faɗi ranar gamawa ba. Ina zaune a shago ina kallon masu aikin, buhun siminti ɗaya suke juyawa da yashi kamar za a yi tuwon gidan biki, wani magini maƙwabcina ya leƙa ya girgiza kai ya ce wannan ba za ta ga damina biyu ba, ashe ma ya yi mata kara, ruwan Agusta na farko ya ɓalle gefe ɗaya, yanzu katako muka sa yara ke takawa su tafi islamiyya, allon dai yana nan daram ya fi kwalbatin ƙarko. Da an rubuta kuɗin da sunan ɗan kwangila a jikin allon da mu kanmu mun isa mu tsare aikin, ga magina ga kafintoci ga injiniyoyi masu ritaya zaune a unguwa kyauta za su duba muku. Kuma dan Allah in kamfanin na ƙaninka ne ko na mijin 'yarka, ba haramun ba ne ya nemi aiki, amma ka faɗa a rubuta, ka fita daga ɗakin da ake yanke hukunci, a buɗe takardun kowa a gaban jama'a. A 2019 hukumar NFIU mai bin sawun hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar cewa kada a ciri tsabar kuɗi sama da naira dubu ɗari biyar a rana daga asusun ƙaramar hukuma, sauran a bi ta banki dan a ga sawun kowace naira, ai ba dan an raina ku aka yi ba, kariya ce gare ku ranar da EFCC ko ICPC za su yi sallama bayan kun sauka.

Haka kuɗin shiga na cikin gida. Dokar haraji ta jiha ta 2016 ta tattara karɓar haraji a hannun hukumar haraji ta jiha KADIRS kuma ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, to amma ku zaga kasuwannin ƙauye ranar ci da tashoshin mota ku gani ko an daina yankar tikiti, mai tallan gyaɗa ma ba ta tsira ba. In na hukuma ne a nuna mana nawa kasuwa ke kawowa a wata, in ba na hukuma ba ne to su waye, a gabanku fa ake yi. Kundin tsarin mulki a jadawali na huɗu ya lissafa abin da ke wuyanku, kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta da banɗakin jama'a da kwashe shara da magudanan ruwa da sa wa tituna suna da gidaje lamba, ga hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi. Ba wanda ya ce ku gina gadar sama. Kowa ya ci ladan kuturu dai ya san sauran.

Su ma ma'aikatan dindindin, ma'aji da odita na cikin gida da daraktan ma'aikata, ku bar su su iya ce muku a'a ba tare da an tura su wani ƙauye mai nisa washegari ba. Ma'ajin da ke tsoron canjin wajen aiki ko me aka miƙa masa zai sa hannu.

Ba zan rufe ido in ce laifin naku ne ku kaɗai ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu ne ke cika ƙofar gidanku da takardar asibiti da katin biki da matata ta haihu ba ragon suna, ni kaina na taɓa raka wani abokina irin wannan zuwa kuma da aka ba shi dubu goma har addu'a na taya shi yi, ban tambayi daga wane aljihu ta fito ba. Ciyaman da ya ce ba zai raba kuɗi ba zai gyara asibiti mu ne farkon masu ce masa marowaci mu juya masa baya a zaɓe. Amma ko wannan ɗin ma lissafi a bango ne maganinsa, ranar da mutum ya ga da idonsa cewa abin da ya rage bayan albashi bai taka kara ya karya ba kuma ga shi an sa shi a rufin firamaren da ɗansa ke zama, kunya ma za ta hana shi zuwa roƙo. In tallafi za a bayar a yi masa layi a kasafi da ƙa'idar wanda ya cancanta, ba wanda ya fi iya kirari ba.

Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya tun 2018, ana ta yabonta kan buɗe kasafin jiha, har da tsarin da ake tara mutanen mazaɓa su faɗi buƙatunsu kafin a rubuta kasafi. Mu ma an taɓa tara mu a ajin firamare muka zauna kan bencin yara gwiwa har haɓa, muka zaɓi ruwa da magudana da gyaran asibiti aka rubuta aka ɗauki hoto aka tafi, ba wanda ya dawo ya ce mana ga wanda ya shiga ga wanda bai shiga ba saboda kaza. Ko a'a ce a dawo a faɗa mana mana, ai mu ba yara ba ne.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin man mota ɗaya ba. Takarda ɗaya tal duk wata, abin da ya shigo daga Abuja, abin da aka tara a gida, abin da aka cire, abin da aka kashe da sunan aikin da unguwar da kamfanin, ciyaman ya sa hannu ma'aji ya sa hannu shugaban majalisa ya sa hannu, a rubuta da Hausa da Turanci ba irin Turancin akantoci ba, a manna a sakateriya da ƙofar kasuwa da asibitin kowace mazaɓa tunda ko wace mazaɓa cikin 255 an ce tana da nata, a ɗora a Facebook ɗin da kuke sa hotunan buɗe taro. Wannan mannawa a mazaɓa ba ƙaramin abu ba ne, mutumin Rigasa sakateriyarsa tana can Turunku, na ƙauyukan Birnin Gwari ko Kauru ko Sanga wa zai biya masa kuɗin mota ya je karanta allo. A wuraren da Gbagyi ko Adara ko Bajju ko Atyap ko Ham suka fi yawa a samu mai karanta wa tsofaffi da harshensu bayan an taso coci ko masallaci. Sannan duk wata uku kansila ya zo filin firamare ya tsaya a gabanmu awa ɗaya mu tambaye shi, ba da maroƙa da 'yan banga ba, shi da takardarsa. Rahoton odita na shekara kuma in ya fito kar ya kwana a durowa. A kuma rubuta kuɗin kowace takarda da ake karɓa a ofis a manna a ƙofar ofishin, wannan ko gobe ana iya yi da biro da sallotef.

Yarona na biyu zai gama sakandare bana, kenan zan sake hawa wancan bencin neman tasa takardar. Wannan karon zan taho da wasiƙa a rubuce bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ɗana ya riga ya tsara min ita, tambaya biyu ce kawai a ciki, nawa ne kuɗin takardar shaidar ɗan ƙasa a hukumance da kuma nawa ƙaramar hukumar ta tara daga gare ta bara. Dattijon nan namu mai tambayar rasit ya ce in ranar ta zo in biya in ɗauke shi, shi zai biya kuɗin motarsa.

Na gode, Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
wani tela daga cikin garin Kaduna